Shanyar Tumirah da Jirgin Mijinta

A Karangturi in ka tambayi gidan Kasirun mai wutar jirgi, sai mutane su tsaya suna kallon juna, don masu wuta a garin sun kai biyar. Amma ka ce Kasirun mai ƙirga huda, ko mai suyar rogo a bakin kasuwa za ta nuna maka da baki ba tare da ta ɗago daga kaskonta ba. Gida na uku ne daga gada, ya juya wa layin dogo baya. Daga katangarsa ta gora zuwa ƙarfen dogo taku goma sha ɗaya ne da rabi. Shi ya auna, kuma kada ka kuskura ka ce goma sha biyu a gabansa.

Haka Allah ya yi shi, ba ya iya wuce abu bai nemi dalilinsa ba. Tun yana ƙarami ya gajiyar da uwarsa: me ya sa murfin buta ke rawa, me ya sa hayaƙi ke hawa sama amma toka ta sauko, ina iska take zuwa in ta daina kaɗawa. Ubansa mai saran rake ne, kuma amsa ɗaya gare shi ga kowace tambaya: "Ci abincinka." Da ya kai shekara sha bakwai aka kai shi masana'antar sukari yana zuba wa taragu mai. Bayan shekara shida ya hau Lamba Bakwai a matsayin mai wuta. Wannan tsohon kan jirgi, wanda ya girmi ubansa, shi ya cinye masa ƙuruciya, ya haɗa da gashin gira. Har ya tsufa girar ba ta sake tsirowa ba, shi ya sa kullum fuskarsa kamar ta wanda aka ba labarin mamaki yanzun nan.

Jiragen rakenmu ba sa cin kwal, wa zai saya musu? Abin da suka ɗauko shi suke ci. In an matse rake an kwashe ruwan, busasshen ɓawon da ya rage, wanda muke kira ampas, sai a ɗaure shi dami-dami a loda a bayan inji. Wuta na son ampas, amma ba ya zama a cikinta, don ba shi da nauyi. Da direba ya buɗe tururi, inji ya fara haki, sai rabin abin da mai wuta ya zuba ya bi bututu ya yi sama yana ci, ya sauko a kan rufin mutane, da gonakin rake, da wuyan rigar duk wanda tsautsayi ya tsayar a bakin hanya. Daga watan biyar zuwa watan goma, lokacin raninmu ke nan, muddin ana matsar rake, kowane gida na bakin layi yana da tulun ruwa da tsumma a kan sanda. Ba mai ƙorafi sosai, don rabin garin a masana'antar suke ci.

To, da Kasirun ya tashi aure, duk faɗin garin ya rasa wadda zai ɗauko sai Tumirah mai zanen batik.

Aikin Tumirah da farin yadi yake farawa. Ta wanke, ta jiƙa a ruwan shinkafa, ta shanya, ta buge, sannan ta rataye shi a jikin gora ta zauna da ɗan ludayinta na tagulla mai bakin tsinke, tana ɗibar narkakken kaki tana zana ganye da fuka-fuki, ɗigo bayan ɗigo. Zane ɗaya kan ci mata wata biyu. Duk tsomawa a rini sai an shanya, kuma iskar da take so tana bayan gida ne, wajen katangar gora. Gidan kuwa gadonta ne, uwarta ta rasu ta bar mata shi wata huɗu kafin biki, ba inda za ta. Ranar ɗaurin aure tsofaffin garin suka yi ta dariya, wai an haɗa wuta da auduga a ɗaki ɗaya.

A shekarar farko abin ya faru. Uwar ta bar wani zane, rabi ta zana, rabi fari fat, Tumirah ta ɗauko shi za ta ƙarasa. Ta shanya shi don ya sha iska, ta shiga duba shinkafa a murhu. Lamba Bakwai ya wuce da taragu ashirin, Kasirun har da ɗaga wa gidan hannu. Garwashi ɗaya ne, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, amma a kan kaki ya sauka. Kafin ta fito, gefen da hannun uwarta ya zana ya tafi, an bar mata farin.

Da ya dawo da la'asar ya tarar da ita zaune da abin a cinya. Ya so ta yi faɗa. Wallahi da ta jefe shi da ludayin da ya fi masa sauƙi. Ninke zanen ta yi, ta sa a ƙasan akwati, ta ce, "Kang," don haka matan garinmu ke kiran mazajensu, "ruwan wankanka na bayan gida." Ba ta ta da maganar ba, shi kuma abin ya zauna masa a ƙirji ya ƙi sauka.

Daga ranar Tumirah ta koyi gudu. Sau shida a wuni jirgin ke wucewa, uku zuwa gona, uku dawowa. Da ta ji hakinsa a kan gada sai ta ajiye ludayi, ta kwashi shanya a kafaɗa, ta shige ƙarƙashin rumfa, sannan ta leƙo ta dunƙule hannu ta girgiza wa mijinta. In ya wuce ta mayar da komai inda yake. Bayan sati biyu da haka, suna cin shinkafa da soyayyen tempe, wato curin waken suya, Kasirun ya ce:

"Tum, akwai ranar da za ki ji jirgina ki ci gaba da zamanki."

"Ranar da aka mayar da kai ofis?"

"A'a. Ina kai, ina zuba wuta."

"To, Allah ya nuna mana. Miƙo barkonon nan."

Abin da ya fara yi ya ba kowa dariya. Ya roƙo tsofaffin buhunan sukari guda huɗu, farare, ya ɗaure su a jikin katanga daidai inda shanya take zama. Da yamma ya kwance su, ya ɗaga su wajen rana, yana ƙirga hudar da wuta ta yi. Ranar farko arba'in da uku. Ya karce a jikin ginshiƙin rumfa da ƙusa. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga suna tambayar yau nawa aka samu, wasu har da musu a kan ko wannan huda ce ko cin gara. Daga nan sunan ya bi shi.

Dabara kuwa guda ɗaya ce a shekara. Da damina ake kwance injuna a shago ana gyara, lokacin ne kawai shugaban shagon ke barinsa ya taɓa cikin Lamba Bakwai, kuma ba a sanin ko abin ya yi sai rani ya zo an fara matsa. In ya kuskure, sai baɗi. Shugaban ma ba don Allah yake barinsa ba, duk shekara sai tartsatsi ya cinye gonar rake ɗaya ko biyu.

Akwai ragar waya a gaban inji, ƙarƙashin bututu, wadda aka sa don tare tartsatsi. Kowane direba ya san tana shaƙe wuta, saboda haka da shugaba ya gama dubawa da safe ya juya baya, sai a zura ƙarfe a ɓula ta, kowa ya yi kamar bai gani ba. Kasirun ya ce to ai laifin ɓulawar ne. Ya samo raga mai ƙananan idanu, ya ɗaure ta tamau, ya ɓoye ƙarfen. Ranar huda huɗu kacal buhunan suka samu, don sau ɗaya jirgin ya dawo da kaya. Toka ta toshe ragar, wuta ta mutu, Lamba Bakwai ya tsaya cik a gaban maƙabarta, inda hanya ke hawa, sai da aka kawo shanu takwas suka ja taragun biyu-biyu. Direbansa, Pak Wiryo, mutum mai tumbi da gashin baki da ji da kai, ya koma masana'anta a ƙafa yana zagin Kasirun tun daga kakansa na bakwai.

Wata shekara ya ce bushewa ce ta yi wa ampas yawa, ya riƙa yayyafa masa ruwa. Tartsatsi ya ragu, gaskiya ne. Sai dai hayaƙin da ya fito baƙi ƙirin ne mai danƙo, ya kwanta a kan garin ya ƙi tashi, ya bi zannuwan Tumirah har ƙarƙashin rumfa ya manne a kaki. An gudu gara an faɗa gidan zago. Wata shekarar ya ƙara wa bututu tsawo, reshen mangwaron masallaci ya tumɓuke shi a fitar farko. Ya gwada cakuɗa ampas da itace. Ya gwada zuba wuta kaɗan-kaɗan a kai a kai maimakon dami guda, wannan kam ta taimaka, ta sauko da ƙirga zuwa ashirin da 'yan kai, kuma sauran masu wuta duk suka ɗauka ba wanda ya ce masa sannu.

Ni abin da ke ba ni mamaki da mutumin nan, faɗuwa ba ta ɓata masa rai yadda ya kamata. Ranar da aka ja shi da shanu, kowa ya ɗauka zai shigo gari kansa a sunkuye. Ina! Da sauri ya shigo, idonsa na ƙyalli, tun daga ƙofa yake cewa, "Tum, kin san dalilin da ya sa wuta ke mutuwa in an toshe mata sama, alhali a ƙasa take?"

"Na san dalilin da ya sa shinkafarka ta huce."

"Tururin da ya gama tura ƙafafun jirgi, ta bututun yake fita. Yana fita yana zuƙo wutar. Ashe injin da numfashinsa yake hura kansa!"

"Madalla. Sai ka je ka gaya wa shanun."

Shekaru suka tafi a haka. 'Ya'yansu biyu suka girma suka bar gida, ginshiƙin rumfa ya cika da karce har ya koma na biyu. A shekara ta goma sha bakwai, wata safiya, yana tsaye a bakin ƙofar inji ya hango Tumirah ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta riƙe. Ta dafa katanga, ta ja ƙafa, ta kwaso zannuwan gefensu na jan ƙasa, ta shige rumfa jirgi ya riga ya zo daidai gidan. Ba ta leƙo ba, ba ta girgiza hannu ba. Ranar ce Kasirun ya ji tsoro na gaske. Da can wasa ne mai daɗi tsakaninsa da wuta, yanzu kuwa ya gane gwiwar matarsa ba za ta jira shi ya gama tambayoyinsa ba.

Da damina ta sauka, wata Juma'a da hantsi yana zaune a rumfa da kofin shayinsa, ita kuma ta miƙe ƙafar mai ciwo tana gyaran shinkafa a faifai. Ta yi bakace, sannan ta shiga juya faifan a hankali, shinkafar na zagayawa. Ya ajiye kofin.

"Sake yi."

"Me zan sake?"

"Juyin nan."

"Kang, shekara goma sha bakwai kana cin shinkafar nan, yau ka san ana juya ta?"

"Me ya sa ƙaiƙayin ke taruwa a tsakiya, ƙwayar ta yi gefe?"

"Don haka Allah ya yi su. Mai nauyi gefe, marar nauyi tsakiya. Matsa, kana tare mini haske."

"Ba kya tare su da komai?"

"Wa ke tare shinkafa? Juya ta ake yi, ita za ta raba kanta."

Kasirun ya zuba wa faifan ido. Duk shekarun nan tarewa yake ta yi, ga amsa tana zagayawa a cinyar matarsa sau biyu a rana. Garwashi ya fi hayaƙi nauyi. In aka sa su juyi, dole su rabu.

Ya tafi wajen Lik Parjan maƙerin tukwane, suka yi sati uku suna bugun kwano. Suka ƙera wa bututun wani ƙaton ciki mai faɗi, a ciki suka kafa fallayen ƙarfe a karkace, yadda hayaƙi in ya taso sai ya yi juyi kafin ya fita. Garwashi ya bugi bango ya faɗa wani kwararo, hayaƙi ya bi tsakiya ya wuce abinsa. Da aka ɗora abin a kan Lamba Bakwai, Pak Wiryo ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya.

"Run," in ji shi, don haka yake gajarta sunan Kasirun, "tukunya ka ɗora wa jirgina a ka? Ni direba ne ko mai tallan shinkafa?"

"A gwada dai, Pak."

"In aka sake kawo mini shanu, kai zan ɗaura a gaba."

Ba a kawo shanu ba. Injin ya ja kamar bai san an yi masa komai ba, kuma da yamma buhunan suka ba da huda shida. Daga arba'in da uku zuwa shida! Maƙwabta suka yi ta tafi ta kan katanga, shugaban shago ya sa a ƙera wa sauran jiragen irin tukunyar. Kasirun ya shiga rumfa da buhu a hannu, bakinsa har kunne.

"Tum, shida!"

Ba ta ɗago daga aikinta ba. Ta hura bakin ludayi, ta ce, "Shida ma huda ce, Kang. Guda ɗaya ce ta ci na Mbok."

Wannan ne karo na farko da ta ambaci zanen uwarta tun ranar da ta ninke shi. Ba da zafi ta faɗa ba, kuma ya san gaskiyarta ce. Ya mayar da buhunan katanga.

Duk wannan rani ya riƙa canza buhu bayan kowace wucewa, yana roƙon ta ta ajiye masa su dabam-dabam, tana yi tana mita. Sai ya gano abin da ya sa shi tsayawa: in za su gona da taragu wofi, ba huda ko ɗaya. Duk hudar a dawowa ce, lokacin da Pak Wiryo ke buɗe tururi gaba ɗaya da zarar sun hau gada. Kowane direba haka yake yi, don kowa ya san daga gada zuwa maƙabarta hawa ne. Har suna gare shi, hawan Karangturi. Kasirun ya bi tsofaffin direbobi ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wa ya auna. Kowa ya dube shi kamar ya tambayi wa ya auna sama.

Da aka rufe matsa, wata rana da azahar mutanen gari suka ga abin kallo. Magidanci mai shekara arba'in da 'yan kai, mai suruki, ya turo tarago wofi shi kaɗai har kan gada, ya haye ya zauna ya harɗe ƙafa. Taragon ya motsa da kansa. A hankali ya wuce gida na farko, ya wuce nasa, ya wuce masallaci, kaji na tsallakewa, har ya wuce gidan ƙarshe, sai a bakin maƙabarta ya tsaya. Sau biyar ya yi, don kada a ce iska ce. Ashe gangara ce, siririya, ido ba ya ganinta. Hawan sai bayan gidan ƙarshe yake farawa. Wani direba ne can a zamanin da ya ji tsoron hawan maƙabarta ya fara buɗe tururi tun daga gada, ya koya wa na bayansa, na bayan ya koya wa na bayansa, garin kuma yana ta shan wuta.

Ya sami Pak Wiryo a shago yana busa sigarinsa mai kanumfari.

"Pak, daga gada zuwa maƙabarta gangara ce."

"Hawa ne."

"Tarago ya kai ni da kansa."

"Taragon mahaukaci ne, irin mai shi. Run, shekara talatin ina jan layin nan. Wanda ya koya mini ya ce hawa ne. Wanda ya koya masa ya ce hawa ne."

"Sun auna?"

"Suna maƙabartar, je ka tambaye su."

"In muka ɗauko gudu tun daga gonaki, kika rufe..." Ya gyara murya. "In ka rufe tururi a gada, jirgin zai kai kansa gidan ƙarshe. Ba haki, ba tartsatsi. Can sai ka buɗe."

"Ka ga har ka fara ɗaukata matarka. In buɗe a gindin hawa da taragu ashirin a bayana? In tsaya a inda na tsaya wancan karon? Har yau jikokina in sun ga saniya sai su ce ga injin kakanmu."

Kasirun ya sosa inda girarsa take a da. Ya ce, "Shi ke nan, Pak. Dama direban Lamba Huɗu ya faɗa mini ba za ta yiwu ba. Ya ce aikin na son hannun da bai fara rawa ba."

Allah ya yafe wa Kasirun, direban Lamba Huɗu bai ce komai ba. Amma Pak Wiryo ya cire sigari daga bakinsa.

"Wa? Wancan da na koya wa inda igiyar usur take?"

Da rani ya zagayo, shekara ta goma sha tara ke nan, suka fara. Tun suna tsakiyar gonaki Kasirun zai gina wutarsa har ta yi fari, ya rufe ƙofar murhu. Pak Wiryo ya ɗauko gudu, a kan gada ya ja hannun tururi ya rufe, ya cije gashin baki. Jirgin ya bi ta cikin garin shiru, ba ka jin komai sai ƙarar ƙafafu a kan ƙarfe, ɗan siririn hayaƙi na tashi daga tukunyar. A gidan ƙarshe ya buɗe, injin ya yi tari ya kama hawa. Ranar farko da kyar suka haye, Pak Wiryo na karanta duk addu'ar da ya iya. Kwana uku ya gane daidai inda zai buɗe, a kwana na huɗu har ya fara gaya wa sauran direbobi cewa shi dama ya daɗe yana zargin gangara ce.

Buhunan suka fara dawowa fari tas. Kwana ɗaya, biyu, sati guda, sati uku. Kasirun ya riƙa shimfiɗa su a gaban Tumirah kowace yamma.

"Buhu ba zane ba ne," in ji ta.

Kuma da ta ji ƙarar ƙafafu a gada, sai ta dafa katanga ta tashi ta ja gwiwarta ta kwashi shanya kamar kullum. Bai matsa mata ba. Me zai ce? Shi ya koya mata gudun. Ya ci gaba da ɗaure buhu da safe yana kwancewa da yamma, zuciyarsa ba daɗi, don wannan karon ba shi da wata tambaya da ta rage.

Wata Talata ce, dawowar farko, wajen ƙarfe goma. Sun sauko gada, ya rufe murhu, ya leƙa kamar yadda ya saba. Shanya na nan. Zannuwa biyar a igiya, iska na kaɗa su. A tsakiyar fili kuma, ba a rumfa ba, Tumirah ce zaune a kan 'yar kujerarta, ta juya wa layi baya, gorar aikinta a gabanta. Ya gane abin da ke rataye a gorar tun daga nesa, don gefensa ɗaya baƙi ne, a ƙone. Ta fito da shi daga ƙasan akwati, tana zana farin.

"Pak," ya ce.

"Na gani. Kada ka yi numfashi."

Taragu ashirin suka wuce bayanta ɗaya bayan ɗaya, taku goma sha ɗaya da rabi daga katanga. Ba ta tashi ba. Ba ta waiwayo ba. Kasirun ya rataye a jikin ƙofa yana kallon baya har mangwaron masallaci ya tare masa gani, sai da Pak Wiryo ya daka masa tsawa ya tuna akwai hawa a gaba. Haka ta yi har sau biyar a ranar.

Kowa zai ɗauka da rawa zai shigo gida. Shiru ya shigo, ya kwance buhunan bai ko ɗaga su ba, ya zauna a bakin rumfa. Abin da ya nema shekara goma sha tara ya samu, amma wani abu na cin ransa, shi kansa yana mamakin ko mene ne. Ta kawo masa shayi.

"Ko ɗago kai ba ki yi ba," ya ce.

"Ba haka ka ce kana so ba?"

"Haka na ce." Ya juya kofin a hannunsa. "Amma sau shida a wuni ina ganin fuskarki, Tum, ko da harara ce. Yau ƙeya na wuni ina gani."

Ta dube shi, ta yi dariya har ta dafa gwiwa. "Kai dai ba a iya maka, Kang." Sai ta jawo gorar ta juyo masa da zanen. Ta ci gaba daga inda wuta ta tsaya, ganye ƙanana irin na uwarta, ɗigo a jere kamar an auna. A tsakiyarsu ga wani ɗigon kaki ƙato, ya kai faɗin babban yatsa, ya malale.

"Tun kuna gada hannuna ke rawa," ta ce. "Shekara talatin ban taɓa zubar da kaki a yadi ba. Ka ɗauka don ban damu ba ne na ƙi juyowa? Da na juyo da na gudu."

Ya taɓa gefen ɗigon da yatsa. "Ana iya kankare shi?"

"Ana iya." Ta janye zanen daga hannunsa, don yatsun duk baƙin toka ne. "Bar shi a nan. Gobe in kun zo gada ka ce wa Pak Wiryo ya ja usur, zan juyo. Amma ba zan tashi ba."

Shekara huɗu Lamba Bakwai ya ƙara kafin a ajiye shi, kuma duk tsawonsu ba ranar da bai yi usur a kan gadar Karangturi ba. Baƙi kan tambayi dalili, tunda ba mararraba a wurin. In sun duba gida na uku, sai su ga wata mata zaune a tsakiyar shanyarta, ta juyo, ta dunƙule hannu tana girgiza wa mai wuta.